Kawu, Ina So In Je Agadas In Hau Raƙumi

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu, ni ɗalibi ne a nan Jos, Anguwan Rogo nake zaune. Ni da abokaina uku mun ɗan tara kuɗi muna so mu je Agadas hutun Disamba, mu hau raƙumi mu ɗau hotuna kan tuddan yashi irin wanda muke gani a TikTok. Dan Allah ta ina ake bi, kuma me za mu tanada? Hajiyarmu dai ta ce ba ta yarda ba.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Toh bari in fara da abin da zai ɗan ɓata maka rai, waɗannan manyan tuddan da kake gani a waya ba a cikin garin Agadas suke ba fa. Garin shi yana kan fili ne mai tsakuwa a gindin duwatsun Abzin, in kana son yashi na sosai sai ka nausa gabas cikin hamadar Tenere ko wajajen Temet da Arakao, kuma wannan tafiyar kwanaki ce da mota mai jan ƙafa huɗu da jarkokin ruwa da mai da ɗan jagora Buzu wanda ya san hanya, ba abin da ɗalibai huɗu za su yi da kuɗin aljihu ba ne. Raƙumi kam za ku hau har ku gaji, a bayan gari ma akwai masu shi, ku yi ciniki kafin ku hau ba bayan kun sauko ba. Kuma ka riƙe sirdi da kyau lokacin da zai tashi, da ƙafafun baya yake fara miƙewa, sai ka ji kamar zai kifar da kai ta gaba. Ni ranar farko salati na dinga yi, yaron da ke riƙe da akala yana ta min dariya.

Amma in ka tambaye ni, garin kansa ya fi yashin. Babban masallacin nan mai hasumiyar laka, an fara gina shi wajen 1515 aka sake gina shi a 1844, tsawon hasumiyar mita 27 ne, ta fi Gobarau ta Katsina nesa ba kusa ba, kuma duk ƙasa ce da itatuwan da aka soke mata a jiki, su ne magina ke takawa in za a yi yaɓe. Ciki akwai matakala ƙunci sosai, mai tumbi irina da ƙyar yake kaiwa sama, amma in ka kai za ka ga garin gaba ɗaya ja wur kamar an zuba jan garura. Kusa da shi fadar Sarkin Abzin take. Akwai kuma gidan da Bature ɗan Jamus Heinrich Barth ya sauka a 1850, kafin ya wuce Katsina da Kano. UNESCO ta saka tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Ka shiga wajen maƙeran azurfa ka ga yadda suke ƙera sarƙar nan da ake kira kuros ɗin Agadas, ka sayo wa Hajiya ɗaya, ƙila ta huce.

Abin da ya fi min daɗi shi ne ba ka buƙatar tafinta, Hausa ake yi a kasuwa, sai dai za ka ji Faransanci ya cakuɗu ciki, kuma lissafin kuɗinsu da dala ake yi, dala ɗaya sefa 5 ce, in an ce maka dala ashirin to sefa 100 ake nufi, nan ne 'yan Najeriya ke rikicewa. Kakanninmu ma hanyar nan suka sani, gishirin Balma da ake kawowa kantu-kantu ayarin raƙuma ne ke ɗauko shi ta Fachi ya ratsa Tenere.

Hanya kuma: Jos zuwa Kano, sai ka bi ta Daura ka fita Kongolam ko ta Maigatari, ka shiga Damagaram ka kwana, washegari ka kama hanyar Tanut da Aderbissinat, wajen kilomita 450 ne daga Damagaram zuwa Agadas kuma titin ba shi da kyau a wurare da dama. Ku tafi da fasfo da katin allurar shawara, ku canza naira zuwa sefa tun a boda. Disamba lokaci ne mai kyau, rana ba ta da zafi kamar Afrilu da Mayu da ake wuce digiri 40, amma dare akwai sanyi mai shiga ƙashi, rigar sanyinku ta Jos kar ku baro ta. Ku sayi rawani saboda ƙura.

Sai maganar Hajiya. Tana da gaskiyarta. Tun juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar abubuwa suka canza, an rufe boda sai a Maris 2024 aka buɗe, Nijar kuma ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma a 2025 ɗin ma an sace Turawa a cikin garin Agadas. Ku kira wani ɗan gari ko direbobin Damagaram ku ji halin da hanya ke ciki a satin da za ku tashi, kar ku yi tafiyar dare, kar kuma wani ya ce muku zai kai ku sahara a kan arha ku bi shi. In Hajiya ta dage kan a'a, ku haƙura ku ajiye kuɗin, kai mata wannan shafin ta karanta tukuna.