Gano manhajar da ta kama tasha ta 8080 a kan saba

Wani lokaci manhajarka kan ƙi tashi a kan saba (kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima), tana cewa wata ta riga ta kama tasha ta 8080 (tasha, wato port, ita ce lambar da manhaja ke karɓar saƙonni ta cikinta). Hakan na faruwa ne domin manhajoji biyu ba sa sauraro a tasha ɗaya da adireshi ɗaya a lokaci guda.

A Linux, rubuta sudo ss -ltnp | grep :8080, za ka ga sunan manhajar da ta kama tashar da lambarta ta PID (lambar da kwamfuta ke ba kowace manhaja da ke aiki). Kada ka manta da sudo, wanda ke ba ka ikon mai gudanarwa, domin in babu shi ba za a nuna maka suna da lambar manhajojin da wasu suka tayar ba. A Windows kuwa, netstat -ano ne zai ba ka lambar.

Kafin ka kashe ta, tabbatar ka san aikinta. Idan systemd (mai tayar da manhajoji da kula da su a Linux) ke kula da ita, yi amfani da systemctl stop, in ba haka ba tana iya sake tashi da kanta. Idan ba ya kula da ita, fara da kill tare da lambar, ka ajiye kill -9 sai ta ƙi, saboda ba ya ba ta damar rufe fayilolinta, kuma wannan babban haɗari ne ga rumbun bayanai. Idan ba ka gane sunan ba, tuntuɓi mai kula da sabar tukuna, domin yana iya zama alamar kutse.