Amsa ga mai son rubuta labarin zuwan kakanta Jos

'Yar'uwa, kin ce kina son rubuta ƙagaggen labari a kan kakanki da ya baro ƙasar Kano ya zo haƙar kuza, kina tambayar ta ina za ki fara.

Ki fara da tsayar da shekarar zuwansa, domin komai a kanta ya rataya. Wanda ya biyo ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya bayan 1914 neman kuɗin haraji da na aure ya kawo shi. Wanda aka kawo tsakanin 1942 da 1944 kuwa, lokacin diban gwamna, tilas aka yi masa, saboda a Yaƙin Duniya na Biyu Japan ta ƙwace Malaya (a Malesiya ta yau), Turawan Ingila suka rasa kuzar can. Mutanen nan sun iso ba bargo, sanyin Bukuru da Barikin Ladi ya halaka da yawansu.

A ganina, kada ki bar matar da ya baro a ƙauye a bakin ƙofa. Ita ce rabin labarin: jiran saƙo, gorin dangin miji, goyo a baya. Haka Birom, 'yan asalin yankin da aka haƙe gonakinsu, ki ba su suna da murya, su ma sun yi rashi.

Sannan ki je unguwar Gangare ko Dilimi a Jos ki zauna da tsofaffi. Ki tambaye su yadda ake ɗaukar ƙasa a kwano a ka, da abin da ake ci ranar biya. Ki yi hanzari, Hajiya, masu wannan labarin ƙarewa suke yi.