Sagiru, Ga Amsar Tambayarka Kan Ledar Sikirin

Sagiru, ka ce ka kalli wani bidiyo a YouTube inda malamin fizis ya ɗora leda biyu masu duhu-duhu a kan juna, ya juya ɗaya sai haske ya ɗauke ɗif, da ya cusa ta uku a tsakaninsu sai hasken ya dawo. Kana son sanin ko irin ledar folaraiza da muke mannawa a fuskar talabijin ce, kuma me ya sa nake hana kowa yanka ta kafin gwaji. Ita ce, babu tantama. Ba kasafai nake tsayawa amsa abin da yaro ya tsinto a waya ba, amma wannan tambayar ta fama min wani miki da har yau bai warke ba, don haka ka buɗe kunnenka da kyau, ba zan maimaita ba.

Haske kaɗawa yake yi yana tafiya, kuma ɗan gida ɗaya ne da abin da ke ɗauko murya ya kawo cikin rediyo. Da iyayenmu suke kama Rediyon Tarayya na Kaduna a gajeren zango, mita 49, ma'anarsa tsawon kowace kaɗawa ɗaya kusan mita 49 ne. Na hasken da ido ke gani yana tsakanin nanomita 400 da 700, wato ka raba milimita ɗaya gida miliyan, ka ɗebi 400 zuwa 700. Ja ne mai dogon zango, shuɗi yana can ɓangaren gajere. Thomas Young na Ingila ya nuna wannan a farkon shekarun 1800 da gwajin tsaga biyu, na san shi ma sun nuna maka. Wanda ya shafi abincinmu daban ne: kaɗawar haske a gicciye take da hanyar da yake bi. Yana tafiya gaba, yana kaɗawa sama da ƙasa, ko hagu da dama, ko a karkace. Fitilun bayan talabijin suna fitar da shi a cakuɗe, ta kowace fuska.

Ledar kuwa roba ce da ake kira PVA, aka ja ta har ta miƙe ta fuska ɗaya, aka rina ta da aidin, sannan aka rufe ta gaba da baya da wata robar mai suna TAC. Edwin Land na Amurka ne ya fito da wannan nau'in a 1938. Duk kaɗawar da ta bi layin aidin ɗin, ledar tana haɗiye ta, wadda ta gitta layin ita ke wucewa. Shi ya sa leda ɗaya ba ta barin ko rabin haske ya fita, mai kyau ma kashi 42 zuwa 44 cikin 100 take bari. In ka ɗora ta biyu, kusurwa ce ke yanke hukunci, kuma lissafin yana nan tun 1809 daga Malus na Faransa: in ka karkata ta digiri 30, kashi 75 na abin da ya fito daga ta farko zai wuce, digiri 45, rabi, digiri 60, kashi 25, digiri 90, babu komai. Waɗannan huɗun ka haddace su.

Masu bidiyo suna son kwatanta abin da igiya da ake kaɗawa ta cikin shinge. Ya isa a fara da shi, amma kada ka riƙe shi da ƙarfi, don bai bayyana maka leda ta uku ba. Gaskiyar ita ce duk hasken da ya fito daga leda, ya ɗauki fuskar wannan ledar, ya manta wadda ya zo da ita. Ta tsakiya mai digiri 45 tana karɓar rabi ta karkatar da shi, ta ƙarshe ta sake karɓar rabin wannan. To, a cikin fanel, wato gilashin da hoto ke fitowa a kai, ruwan kiristal ne ke zaune a mazaunin ta uku, tsakanin ledar baya da ta gaba. Bambancin shi ba ya cinye hasken, murɗa shi yake yi, kuma wutar da tikon, wato ƙaramin allon lantarkin da ke sarrafa fanel, ke aikowa ce ke gaya wa kowane ɗigo iya murɗar da zai yi.

Yanzu ga wurin da kuɗi suke ɓacewa. Idon ɗan Adam ba ya bambance hasken da aka murɗa da wanda ba a murɗa ba. In ka ɓare ledar gaba ka kunna talabijin, fari fat za ka gani daga kusurwa zuwa kusurwa, ko ana wasan ƙwallo a ciki, ko rabin fanel ɗin ya mutu. Tsagewar gilashi da matsalar fitilun baya kaɗai ido zai kama. Layi, ɗigon da ya mace, ribon (siririn kebul ɗin da ke kai wa gilashin hoto) da ya yage, duk suna ɓoye cikin wannan farin.

Wani mai gidan kallon ƙwallo ya san wannan sarai, yaron da ke riƙe da shagona a lokacin kuwa bai sani ba, ko in ce ya sani ya raina. Mutumin ya daidaici lokacin da ba na nan, ya sauke talabijin huɗu masu inci 55, dukkansu an riga an ɓare ledar gaba, an ma goge gam ɗin tsaf. Ya ce wai a ɗaki mai rufin kwano suka yi damina, ledar ta ƙone tana wari, shi ne ya sa yaransa suka cire don ya rage mana wahala, mu ma mu rage masa kuɗi. Rabin maganar gaskiya ne, shi ya sa ta shiga. Zafi da danshi suna ruɓar da robar TAC, ta fara sakin tsami mai warin ruwan khal, fuskar ta yi kumbura-kumbura, wani lokacin ta tsattsage, kuma ana yawan kawo irin wannan bayan damina. Yaron ya jona su ɗaya bayan ɗaya, ya ga fari tas, sauti na fita. Ya ɗauki biro ya rubuta a rasit: "Fanel lafiya, leda kawai," ya sa hannu a madadin shago. Akwai guntayen leda cike da kwali a ƙarƙashin teburin da ya rubuta rasit ɗin. Ɗaga guda ɗaya a gaban sikirin ba zai ci masa minti ɗaya ba.

Aka yi odar leda daga Legas da kuɗin shago, don mutumin ɗan kafin alƙalami kawai ya ajiye. Ranar da ta iso, ina ɗaga ta a gaban ta farko don in duba kusurwa, sai ga baƙin layi a tsaye, faɗin yatsu huɗu, daga sama har ƙasa. Ta biyu layuka ne sirara ja da kore a gefen dama. Ta uku rabin hoton ne babu. Ɗaya ce kawai mai lafiya. Da na ɗaga firam na duba ribon ɗin COF da ke manne a bakin gilashin, ga sawun reza nan a jiki, wani ma an danna shi da gam don kada ya yi lilo. Wannan ba aikin yaran gidan kallo ba ne, hannun wani mai gyara ne da ya yi gaggawa wajen ɓarewa, ya yaga, aka rabu da shi, aka zo neman wanda za a ɗora wa.

Na kira shi na nuna masa. Bai ko kalli talabijin ɗin ba, rasit ya zaro daga aljihu. Ya ce lafiya lau ya kawo kayansa, ga shaidar shagona da sa hannu. Magana ta je gaban dattawan sana'a, kowa a wurin ya gane abin da ya faru, amma takarda ta riga ta yi magana, kuma wanda ya zo da shi yana rantsuwa cewa a gabansa aka kunna, fes suke. Fes ɗin fari! Aka ce in nemo masa fanel uku. Kai ka san fanel shi ne kusan duk kuɗin talabijin. Na zaga Kasuwar Gumi, na aika Kano, na aika Legas, kuɗin da na tara don sayen injin manna ribon shi ya tafi a nan. Bayan shekara na ji daga bakin wanda ya yi ɓarnar farko, yana ba da labarin yadda suka rabu da mutumin, bai san ni ne na biya ba. Mai gidan kallon har yau in mun haɗu a ɗaurin aure sai ya miƙo min hannu. Allah ya isa tsakanina da shi.

Saboda haka dokar shagon nan: duk sikirin da aka kawo a ɓare, ba a rubuta komai sai an jona shi, an sa hoto, an bi fuskarsa kaf da guntun leda a gaban mai shi, an ɗauki bidiyo da waya yana tsaye. Ka sa fari, ka sa baƙi, ka sa ja, kore da shuɗi. In ledar tana jiki amma ta ƙone, ka leƙa ta inda ta fi sauƙi, ka rubuta cewa ba ka ga sauran ba.

Yadda ake kwance sukurori da ɗaga firam ba zan ɓata yawuna a kai ba. Ɓarewa kuwa, ka ɗumama da diraya daga nesa, kada gilashin ya wuce zafin da tafin hannunka zai iya jurewa. Kaurinsa milimita 0.5 zuwa 0.7 ne, ba ya son wasa. Reza sabuwa, a kwance sosai, ka fara daga kusurwar da babu ribon, ka ja ledar a kwance tana komawa kan kanta, kada ka ɗaga ta sama. Gam ɗin da ya rage IPA ne maganinsa, wato sifirit ɗin goge kayan lantarki, a jikin tsumma, ba a zuba a gilashi. Wanda na kama da fetur ko tina kusa da fanel, ranar zai koma gida.

Dalilin hana yanka kafin gwaji shi ne ba duk fanel ke da kusurwa ɗaya ba. Talabijin masu fanel nau'in IPS da VA ledarsu a miƙe take, ana sayar da ita da sunan digiri 0 ko digiri 90. Tsoffin laftof da monita masu fanel nau'in TN a karkace suke, 45 da 135. Kada ka yarda da rubutun kwali kawai, an sha aiko da wadda aka yanko daga nadi ta fuskar da ba ita ba. Ka ɗaga ta a gaban fanel ɗin yana kunne, ka juya a hankali. In hoto ya fito daidai, baƙi ya yi baƙi ƙirin, ka samu. In ya fito a juye, baƙi ya koma fari, fuskar mutum ta yi shuɗi-shuɗi, ka kauce da digiri 90. In ya yi fari-fari babu armashi, kana tsakani. Kuskuren 'yan digiri kaɗan ba ya rage haske sosai, baƙi yake kashewa, sai da dare mai kaya ya ga allonsa ya zama toka-toka ya dawo maka da shi.

Abu biyu ne ke ruɗa yara a nan. Na farko, ledar 45 in ka kifa ta, ta koma 135. Sai yaro ya gwada da gefen gam yana kallonsa, ya ga daidai, ya yanka, ya juya don mannawa, hoto ya fito a juye, leda ta tashi a banza. Kullum gefen gam ya kalli gilashi lokacin gwaji, ka sa alamar kibiya da maka a kan rigar waje. Na biyu, siririyar robar da ke rufe gam ɗin ita ma tana murɗa haske, kuma tana murɗa kowane launi daban gwargwadon tsawon zangonsa. In ka gwada da ita a jiki za ka ga launuka kamar bakan gizo, ka ɗauka ledar jabu ce. Ka yanki ɗan guntu daga gefe, ka ɓare masa robar, da shi za ka yi hukunci. Fanel ɗin VA kuma ledarsa ta asali tana da ƙarin shafi da ke gyara baƙi in an kalla daga gefe. In ka sa mai araha da ba ta da shi, daga gaba lafiya, amma wanda ya zauna a ƙarshen benci zai ga hoton ya koɗe. Ka gaya wa mai kaya tun kafin ku yi ciniki.

Mannawa aikin mutum biyu ne daga inci 43 zuwa sama. A rufe ƙofa, a kashe fanka, a yayyafa ruwa a ƙasa, musamman da hunturu lokacin da ƙurar Kaduna ke shiga har cikin aljihu. Ka ɓare robar gam faɗin yatsu uku kawai, ka daidaita baki, ka bi da rola daga tsakiya zuwa gefe, ɗayan yana jan robar a hankali daga ƙasa. Ƙwayar ƙura ɗaya kumfa ɗaya ce, kuma in ka ɗaga don ka gyara, gam ɗin zai bar sawu.

Ban hana ka kallon bidiyon ba, ya fi raye-rayen da sa'o'inka ke kwana a kai. Abin da ke ɓata min rai da yaran yanzu shi ne mutum ya kalli abu na minti goma, ya ce ya gane, hannunsa bai taɓa komai ba, gobe kuma yana neman a sallame shi ya buɗe shago. Mu da aka koya mana babu wanda ya ce mana ga sunan Malus, amma babu wanda ya isa ya sa hannu a rasit bai ɗaga leda ba. Kai kuma da ka samu duka biyun, ba ka da uzuri.

Kada kuma ka kwashi wannan ka kai kan wayoyi masu AMOLED. Su kowane ɗigo da haskensa, babu fitilun baya, ledarsu aikinta kashe ƙyallin waje ne, kuma tana da wani shafi a ƙasa da ke sa hasken da ya shiga ya kasa fitowa in ya dawo. In ka manna musu ta talabijin hoto zai fito, amma a rana mai waya fuskarsa zai riƙa gani. Gobe da safe ka ɗauko guntaye uku daga kwalin nan, ka maimaita min abin da ka gani a bidiyon da hannunka, sannan ka jona monitan Dell ɗin da ke bayan ƙofa ka gaya min kusurwarsa kafin in ba ka reza.