Shin hawayen uwa yana cutar da ɗanta da ya rasu yana ƙarami?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin Makka ne, a Shara Mansur. Mako 2 da suka wuce Allah ya karɓi ɗanmu na fari, mai shekara 3, aka yi masa salla a Harami bayan la'asar. 'Yan'uwa Hausawa sun cika gidanmu da ta'aziyya, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai wata dattijuwa ta ce wa maiɗakina duk hawayen da ta zubar azaba ce ga yaron a kabari, kuma kuka bayan kwana 3 haramun ne. Yanzu a ɓoye take kukan, sannan ta dawo tana istigfari, tana ganin ta cuci ɗanta. Mene ne gaskiyar wannan magana?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa yaron ya zama mai ceto a gare ku. Ka sanar da maiɗakinka cewa hawayenta ba zunubi ba ne, kuma babu abin da yake yi wa ɗanta.

Hujja mafi kusa da ku ita ce abin da ya sami Annabi (SAW) da kansa. A shekara ta 10 bayan Hijira ɗansa Ibrahim, wanda Mariya ta haifa masa, ya rasu a Madina bai cika shekara 2 ba. Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa idanun Annabi sun zubar da hawaye yayin da yaron yake gargarar mutuwa, har Abdurrahman ɗan Aufu ya ce, "Har da kai, ya Manzon Allah?" Sai ya amsa masa cewa wannan rahama ce, sannan ya ce: "Ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi, kuma lallai muna baƙin cikin rabuwa da kai, ya Ibrahim." Wanda ya fi kowa tawakkali ke nan, to ina ga mace da ta yi goyo ta yaye?

Amma maganar dattijuwar tana da tushe, kada a ce ƙirƙira ta yi. Ya inganta daga Umar da ɗansa Abdullahi cewa ana azabtar da mamaci saboda kukan iyalansa. Nana A'isha ba ta yarda a ɗauki hadisin a kan zahirinsa ba, ta kafa hujja da faɗin Allah cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani, kamar yadda ya zo a aya ta 18 a Suratu Faɗir. Mafi yawan malamai, kamar yadda Nawawi ya naƙalto, sun ɗora hadisin a kan wanda ya yi wasiyya a yi masa kururuwa bayan mutuwarsa, irin al'adar Larabawan jahiliyya. Ko ta wace fassara aka bi, yaro ɗan shekara 3 ba ya shiga ciki, domin an ɗauke alƙalami daga kansa har sai ya balaga, balle a ce ya yi wasiyya. Labarin da ya zo game da irinsa na bushara ne: Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa ƙaramin yaro zai kama tufar mahaifinsa, ba zai saki ba har Allah ya shigar da su Aljanna tare.

Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa da marin fuska da yage tufafi da maganganun da ke nuna fushi da hukuncin Allah. Annabi ya bayyana cewa Allah ba ya azaba saboda hawayen ido ko baƙin cikin zuciya, sai ya nuna harshensa ya ce da wannan ne ake azaba ko a yi rahama.

Batun kwana 3 kuwa, an haɗa abu biyu ne wuri guda. Hadisin da ya iyakance wa mace kwana 3 a kan wanda ba mijinta ba, yana magana ne a kan barin ado da turare da kwalli, wato irin takaba. Bai sa wa hawaye wa'adi ba. Idan ta ga takalmin yaron bayan shekara guda ƙwalla ta zubo mata, babu laifi a kanta, matuƙar harshenta yana kan "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un".

A ganina, a nan al'ada ta fi ƙarfin ilimi. Mun taso muna ganin ana yabon uwar da ta danne zuciyarta a kan ɗan fari saboda kunya, har wasu suka ɗauka addini ne ya ce haka. Kunya abu ce mai kyau, amma ba a mayar da ita hukuncin halal da haram. Ita dattijuwar, a yi mata bayani cikin ladabi ba a gaban jama'a ba, domin da alama lallashi ta nufa. Kai kuma ka zauna da maiɗakinka, ka karanta mata hadisin Ibrahim, ka bar ta ta yi kukanta a gabanka ba a ɓoye ba. Idan ka ga ta daina cin abinci ko barci ya ƙaurace mata na tsawon lokaci, ka kai ta wurin likita, wannan ba ya rage mata ladan haƙuri. Allah ne mafi sani.