Amsar tambayar ƙanena kan hawan Chappal Waddi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Na ga addu'o'inku tun jiya, Allah ya bar zumunci. Rubutu zai yi yawa, shi ya sa na ce bari in yi murya, ku yi haƙuri da tsawonta.

Ƙanena, kai ka yi tambaya. Ka ce ka ga hotona a kan dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, kana so ka je a hutun Disamba, kuma ba ka taɓa hawa wani dutse ba sai Dala. To wallahi na ji daɗin tambayar nan, amma gaskiya zan faɗa maka: kada ka fara da shi. Ni da ka gani a hoton nan, shekara 7 na yi ina lallaɓawa kafin in tsaya a wurin.

Duwatsu biyar na rubuta a bayan wani littafina, lokacin da likita ya ce min jinina ya hau, in rage zama. Dala, Kufena ta Zariya, Shere ta nan Jos, Sukur, sai Chappal Waddi a ƙarshe. Dala da Kufena duk cikin wata guda na gama da su. Shere ce makarantata. Tsayinta mita 1,829 daga gaɓar teku, ita ce ƙololuwar tsaunukan Jos, kuma kusan duk Asabar bayan asuba can nake nufa. A nan ƙafata ta koyi taka dutse, a nan na gane yadda ake jan numfashi daidai da taku, ba gudu ba tsayawa.

Sukur ce ta riƙe ni. Tana ƙaramar hukumar Madagali a Adamawa, kan duwatsun Mandara, UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya tun 1999. Kun san halin da yankin ya shiga na rashin tsaro, dole na jira shekaru har mutanen wurin da kansu suka ce min in zo. Hanyar hawanta shimfiɗar duwatsu ce da kakanninsu suka jera da hannu har zuwa fadar Hidi, wato sarkinsu. Ina hawa ina haki, tsofaffin mata na wuce ni da kaya a ka. Na girmama mutanen nan ƙwarai.

To, Chappal Waddi. Wasu na ce masa Gangirwal. Mita 2,419, babu inda ya fi shi tsayi a duk Nijeriya, yana bakin iyakarmu da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka Gumti a Taraba. Daga Jalingo ka bi ta Bali zuwa Serti, a nan ofishin gandun yake, a nan za ka nemi izini a haɗa ka da ma'aikacinsu. Kada wani ya ruɗe ka cewa ya san hanya ku tafi ku kaɗai. Daga Serti mota ta hau Mambilla, hanyar nan mai lanƙwasa kamar maciji, har Nguroje. Daga nan babur ne zuwa Njawai, bayan haka kuma sai ƙafa da sanda.

Abin da ba na tsammani shi ne sanyi. Ni fa ɗan Jos ne, na ɗauka na gama sanin sanyi. Ashe duk mita 1,000 da ka ƙara sama, zafi na raguwa da kusan digiri 6, ga iska babu abin da ya tare ta. Da asuba na zuba ruwan alwala a hannu, sai da yatsuna suka ƙage. Fulanin da muka kwana kusa da rugarsu su suka ba mu madara mai ɗumi, Allah ya saka musu da alheri. Kuma kada ka zaci dutse ne tsirara irin Kufena. Tuddai ne na ciyawa, ɗaya bayan ɗaya, da kurmi mai duhu a cikin kwazazzabai. Sai ka hau wannan ka ce shi ke nan mun iso, kana leƙawa ka hango wani a gabansa. Wannan shi ke karya zuciyar wanda bai saba ba, ba ciwon ƙafa ba.

Da muka kai... kai jama'a. Hazo na ƙasa da mu, duwatsun Kamaru a jere har inda ido ya ƙare. Ban iya cewa komai ba. Na yi sujada, na tashi na ciro littafin nan na ja layi a kan suna na biyar, hawaye na zuba. Mahaifiyarmu na tuna, Allah ya jiƙanta, ita ce take ce min in ka je ka dawo ka ba ni labari.

Saukowa kuma ta fi hawa wuya, ka riƙe wannan. Nauyin jiki duk a gwiwa yake sauka, yatsu na dukan gaban takalmi. Ka yanke farce kafin ka tafi, kuma kada ka sa sabon takalmi, wanda ƙafarka ta saba da shi za ka sa. Guzuri mara nauyi: dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, garin kwaki da sukari. Da rani ake zuwa, da damina hanyar baburan ma ba ta biyuwa.

Hajiya, na ga kin tambaya ko mata na iyawa. Sosai ma, a tawagarmu akwai mata biyu, ɗaya ma ta riga ni isa.

Don haka ƙanena, Disamban bana ka zo Jos. Ɗaki na nan, mu hau Shere tare sau biyu ko uku in ga takunka. In ka koma Kano, Dala da Goron Dutse duk mako da jaka a baya, ka zuba mata kilo 5 zuwa 8. Baɗi war haka in Allah ya kai mu da rai da lafiya, ni zan raka ka Serti da kaina. An kira Magariba, sai anjima.