Tambaya da Amsa: Da Gaske Japan Na Shirin Yaƙi da China?

Tambaya: Malam, ɗana yana karatun digiri na biyu a Osaka. An turo mini saƙon murya a WhatsApp cewa Japan ta yaga kundin tsarin mulkinta, ta kafa soja, yaƙi da China kuma ya kusa. Barci ya gagare ni. In ce masa ya tattaro ya dawo? (Wata uwa daga Katsina)

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ki bar yaro ya ƙarasa karatunsa.

Wannan magana ta "Japan ba ta da soja, yau ta kafa" ita ce ta fi ba ni ciwon kai, kullum sai an kawo mini ita. Mutum ya kalli bidiyon minti biyu, ya wayi gari masanin Asiya, yana tayar wa iyaye hankali. Ba wanda ya yaga komai. Kundin 1947 yana nan, Sashe na 9 da ya haramta wa ƙasar yaƙi yana nan, ko harafi ɗaya ba a taɓa canzawa ba. Gyara shi sai an sami kashi biyu cikin uku a majalisu biyu, sannan a je ƙuri'ar raba-gardama. Soja kuwa tun 1954 suke da shi, sunan "Rundunar Kare Kai" kawai aka sa masa. Suna da jiragen yaƙi, da na ƙarƙashin teku, har da sansani a Djibouti tun 2011. To wane soja ne aka kafa jiya?

Abin da ke canzawa fassarar Sashe na 9 ce, kuma a hankali ake yi. A 2015 gwamnatin Shinzo Abe ta samar da dokokin da suka ba soja damar taimaka wa ƙasa ƙawa da aka kai wa hari, muddin abin ya shafi wanzuwar Japan. A Disamba 2022 firaministan lokacin, Fumio Kishida, ya yanke cewa kuɗin tsaro ya kai kashi 2 cikin ɗari na tattalin arziƙi zuwa 2027, yen tiriliyan 43 cikin shekara biyar, tare da sayen makamai masu linzami na Tomahawk daga Amurka. Wannan babban sauyi ne, ban raina shi ba. Amma dalilinsa a fili yake: Koriya ta Arewa ta harba makamai ta saman tsibirin Hokkaido na arewacin Japan a 2017, sannan a Agusta 2022 makaman China biyar suka faɗa ruwan da Japan ke da haƙƙin cin arziƙinsa. Wanda maƙwabcinsa ke wasa wuƙa a ƙofar gida, dole ya ƙara sakata.

Inda nake jin tsoro shi ne kudu. Tsibirin Yonaguni na Japan kilomita 110 ne kacal daga Taiwan, wadda China ke cewa yankinta ce, ga tsibiran Senkaku da ake taƙaddama a kansu, waɗanda China ke kira Diaoyu, inda jiragen tsaron teku na ɓangarorin biyu ke gogar juna. Karo ɗaya na kuskure a can zai iya jawo Amurka, wadda ke da sojoji sama da 50,000 a Japan ƙarƙashin yarjejeniyar 1960. Da firaminista Sanae Takaichi ta ce a Nuwamba 2025 hari kan Taiwan zai iya shafar wanzuwar Japan, China ta fusata ƙwarai. Sai dai ki duba da me ta rama: ta gargaɗi 'yan ƙasarta kan zuwa Japan, ta dakatar da sayen kifi. Har gobe China ce babbar abokiyar cinikin Japan, kowannensu ya san asarar da zai tafka.

Osaka ta fi kilomita dubu daga waɗancan tsibirai. Ɗanki ya yi rajista da ofishin jakadancin Najeriya a Tokyo, ya bar wayarsa a kunne saboda J-Alert, tsarin gargaɗin gaggawa na gwamnatin Japan, wanda dama girgizar ƙasa ya fi yi wa aiki. Wanda ya turo miki saƙon kuma, ki tambaye shi ranar da aka yi ƙuri'ar raba-gardamar.