Filin da aka sare ya fi tsohon kurmi yawan nau'o'in tsirrai, ko aikina ne ya lalace?

Tambaya: Malam firojet ɗina na shekarar ƙarshe ne. Na aza kuwadrat mai mita 1 (firam mai kusurwa huɗu da ake ƙirga tsirran da ke cikinsa) sau 20 a tsohon kurmi, sau 20 a wani fili da aka sare shekara uku baya. Kurmin nau'i 14 na samu, filin kuma 31. Hankalina ya tashi, abokina ya ce in ɗan ɗaga lambar kurmin kar sufabaiza ya dawo min da aikin.

Amsa: Kwantar da hankalinka, kuma kar ka taɓa lambar nan ko guda, abokin naka so yake ya kai ka ya baro. Abin da ka gani ba baƙo ba ne, in an sare itatuwa rana ta sauko ƙasa, ciyayi masu saurin fitowa sai su yi ca. Tun 1978 masanin muhalli Joseph Connell ya yi bayanin cewa wurin da ake ɗan taɓawa jefi-jefi kan tara nau'o'i fiye da wanda ba a taɓa ba. Sannan kuwadrat mai mita 1 a cikin kurmi me zai kama? Manyan itatuwan da abin da ke manne a rassansu duk suna saman kanka. Ka ƙara faɗin filin awo ga itatuwa, ka zana jadawalin taruwar nau'i (zanen da ke nuna yadda adadin nau'o'i ke ƙaruwa da kowane awo) ka ga ko layin ya kwanta, wato ka daina samun sababbi.

Amma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne wannan tunanin na wai lamba mai yawa ita ce lafiyar daji. Kullum sai na gamu da shi, har a rahoton masu kiran kansu ƙwararru, mutum ya je wuri rana ɗaya da tsakar rani, ya ƙirga, ya buga indeks na Shannon (lissafin da ke auna yawan nau'o'i da rabuwarsu a wuri) a kwamfuta, ya rubuta wai kurmin ba shi da wani arziki, jami'i ya sa hannu, a kawo katafila. Shannon ɗin bai san ko wace ce ciyawa ba! Nau'in da ke fitowa a bakin kowace hanya a duniya da wanda babu shi ko'ina sai kurmin nan, duk ɗaya ɗaya yake ƙirga su. Duba Tafkin Biktoriya na Gabashin Afirka, a shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa, a takarda an ƙara nau'i ɗaya kenan, daga baya ƙananan kifayen nan dangin karfasa kusan nau'i 200 suka ɓace, yawancinsu kuma babu su a wani ruwa a duniya.

To ka koma kan 31 ɗin nan ka ware su: nawa ne 'yan asali, nawa ne baƙi, nawa ke rayuwa a inuwa kaɗai. Ka yi haka ga 14 ɗin ma, sannan ka sake komawa wuraren biyu da damina kafin ka rubuta babi na huɗu.